Yadda za ka nemi taimakon aikin lissafi a intanet ba tare da an yi banza da kai ba

Kusan kullum bayan sallar isha'i wayata ke fara ƙara. Ni malamin lissafi ne, ina kuma cikin wasu guruf-guruf na ɗalibai a WhatsApp da Telegram, yawancinsu 'yan SS2 da SS3 masu shirin WAEC da NECO da JAMB, kuma abin da na fi gani shi ne hoton shafin littafi guda cur, an ɗauka a karkace cikin duhu da inuwar hannu a kai, a ƙasa an rubuta "a yi min solbin yanzu, gobe za mu yi sabmitin". Ba sallama, ba a faɗi lamba ta nawa ake so ba cikin tambayoyi 15 ɗin da ke shafin. In aka yi minti 20 ba wanda ya tanka sai a biyo da "wai guruf ɗin nan ba shi da amfani ne?", wani ya harzuƙa ya mayar da magana, kafin ka ce kwabo an bar lissafi an koma cacar baki. Abin yana damuna wallahi, don na san yaron nan taimako yake buƙata da gaske, hanyar neman ce kawai ba a nuna masa ba.

To ɗalibi, ka fara da sallama da "don Allah". Mutanen da ke amsa maka ba albashi ake biyansu ba, wani ya wuni a aji yana koyarwa, wata tana da nata tes ɗin gobe a jami'a, da datarsu da cajin wayarsu suke maka aikin. Sannan ka faɗi ajinka, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tambaya ɗaya ana iya warware ta ta hanyar 'yan JSS3 ana kuma iya warware ta ta hanyar 'yan jami'a, in ba ka faɗa ba sai wani ya zubo maka kalkulas alhali ko sunansa ba ku taɓa ji a aji ba.

Ka turo tambaya ɗaya, ba shafi ba. Ka shimfiɗa littafin inda akwai haske, ka goge idon kyamara da bakin rigarka, ka ɗauka a miƙe, ka yanke hoton ya rage wadda kake so kaɗai, in akwai zane kamar na da'ira ko tirayangul ka tabbata ya fito duka har da ƙananan lambobin gefe. Kafin ka tura ka buɗe hoton da kanka ka gani, in kai ba ka iya bambance 3 da 8 a ciki ba to mu ma ba za mu iya ba.

In kuma rubutawa za ka yi da hannu a waya, nan ake yawan samun rigima, saboda baka biyu, wato alamar ( ), da mutane ke ƙin sakawa. Ka duba x+1/x-1 da kuma (x+1)/(x-1). A idon mai sauri abu ɗaya ne, amma in x ya zama 3, na farko zai ba ka 2 da 1 bisa 3, na biyu kuma 2 cif. Haka -3² amsarsa -9 ce, (-3)² kuwa 9. Na ga mutum biyu sun kai rabin awa suna musu kowa na cewa ɗayan bai iya lissafi ba, ashe mai tambayar ne ya manta baka, kowannensu daidai ya yi a kan abin da ya fahimta. Irin wannan ne ya sa 8÷2(2+2) ya karaɗe intanet a 2019, wasu na cewa 16 wasu na cewa 1, alhali rubutun ne da kansa mai harshen damo. Alamar ^ kuma ita ake amfani da ita wajen fawa, x^2 na nufin x sikwaya, in ka rubuta x2 kawai wani zai ɗauka x sau 2 kake nufi.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne ka nuna abin da ka gwada, ko da kuskure ne, kai musamman ma in kuskure ne. Ga yadda wata ɗaliba ta taɓa turowa, har yau ina ba da misali da shi: "Assalamu alaikum malamai, 'yar SS2 ce ni, an ba mu 2x² + 5x − 3 = 0 a ce mu yi ta faktoraizeshon. Na ninka 2 da −3 na samu −6, na ɗauki −6 da 1, na samu x = 3 ko −1/2, amma da na mayar da 3 cikin tambayar sai ya ba ni 30 ba 0 ba. Don Allah a ina na kuskure?" Ko minti biyu ba a yi ba aka amsa mata, don kuskuren a fili yake, −6 da 1 in ka haɗa su −5 suke bayarwa, ita kuwa +5 take nema, wato 6 da −1 ya kamata ta ɗauka. Layi ɗaya aka rubuta mata, ta koma ta fito da x = 1/2 ko −3 da kanta. Da hoton tambayar kawai ta turo da sai wani ya zauna ya rubuta mata komai daga farko, ta kwafa, kuma ba za ta taɓa sanin cewa alama ce ke kayar da ita ba, gobe ta sake faɗawa ramin.

In ma ba ka san ta inda za ka fara ba, ka faɗi hakan, amma ka ce wani abu, ko da "ban gane abin da ake nufi da wannan kalmar ba" ne. Da yawan yaranmu ba lissafin ke ba su wuya ba, Turancin tambayar ne, to ka ce a fassara maka da Hausa, ba abin kunya ba ne ko kaɗan. In kalkuleta ce ke ba ka abin mamaki ka faɗa, misali ka danna sin 30 ta ba ka −0.988 maimakon 0.5, ai ba lalacewa ta yi ba, a rediyan take, wato wani ma'aunin kusurwa daban, ka mayar da ita digiri shi ke nan. In kuma daga manhajar warware lissafi ta Photomath ko ChatGPT ka samo amsa kada ka ɓoye, ka ce ga abin da ya ba ni, layi na uku ne ban gane ba.

Sai wurin da aka fi samun ɓacin rai: ka nemi amsa a ba ka hannunka mai sanda, a ce "gwada fitar da abin da suka yi tarayya a kai ka gani". Yara da yawa suna ɗaukar wannan wulaƙanci ne ko rowar ilimi, har su ce in ba za ka yi ba ka bari. Ba rowa ba ce ɗan'uwa. A takardar tiyori ta WAEC ana ba da maki a kan hanyar da ka bi daban, a kan amsar ƙarshe daban, wanda ya rubuta amsa tsurarta babu aiki zai yi asarar mafi yawan makin, kuma ka san sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi ake maganar shiga yawancin kwasa-kwasan jami'a. Ranar jarrabawa ba guruf a zauren, kai ne da biro. Mai ba ka hanya wannan ranar yake hango maka.

Mu masu amsawa ma muna da namu laifin, dole in faɗa. "Haba, wannan ai ɗan firamare ma ya sani" magana ce da ke kashe gwiwa, yaro ya yi ta maza ya tambaya a gaban mutum ɗari biyu ka kunyata shi, ba zai sake tambaya ba, da shi da wasu goma da suka yi shiru suna kallo. In ka gaji ka wuce kawai, wani zai amsa. In kuma amsarka ta saɓa da ta wani malami, ba sai an kai ga "ni na yi digiri a kai" ba, a mayar da amsar cikin tambayar a gani, lissafi da kansa zai raba gardama.

Kada ka bi mutum ta firabet ba da izininsa ba, balle kiran waya ƙarfe ɗayan dare, kuma in mace ce ta taimaka maka a guruf to a bar maganar a guruf, 'yan mata da yawa masu ƙoƙari sun daina amsa tambaya saboda saƙonnin da ke biyo baya. Tambayar jarrabawar da ake cikin rubutawa kuwa, wato ekspo, kada ma ka fara, laifi ne ƙarƙashin dokar satar jarrabawa ta 1999, ni dai ba na amsawa kuma ina roƙon admin ya goge.

Bayan an taimaka maka ka dawo ka ce Allah ya saka da alheri, ka kuma faɗi ko ya yi ko bai yi ba. Kada ka goge tambayar don kar abokan ajinka su gani, akwai wanda ke maƙale a wuri ɗaya da kai yana jin nauyin tambaya. Sai ka ɗauki lamba ta gaba a shafin ka gwada kai kaɗai, ka turo hoton aikin ko daidai ne ko ba daidai ba, ni nakan duba guruf bayan sallar asuba kafin in fita makaranta.