Yadda za ka tsayar da hankalinka kan abin da ke gabanka

A Zariya, ɗalibi na zaune a aji a Samaru, ɗan kasuwa na shagonsa a Sabon Gari, amma hankalin kowannensu na can wurin kuɗin haya ko maganar da wani ya yaɓa masa jiya. A 2010 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun bibiyi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suka gano cewa kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin da mutum yake farke, tunaninsa ba ya kan abin da yake yi. Ashe ciwon na kowa ne, kuma ana iya rage shi da horo.

Fara da kawar da abin da ke fizgarka. Ya zo a hadisi cewa idan an kawo abincin dare kuma aka tayar da salla, a fara da abincin, don kada mutum ya tsaya a sahu zuciyarsa na kan kwano. A yau babban mai fizgar mutane waya ce. Kife ta a gefenka bai wadatar ba, kai ta wani ɗakin.

Sai ka ware minti biyar. Bayan sallar asuba ya fi, kafin 'yan acaba da masu keke su cika titi. Zauna a tabarma, ka miƙe bayanka, ka bar numfashinka yadda yake, kada ka ja shi da ƙarfi. Sa hankali a bakin hancinka, ka ji shigar iska da fitarta. Lokacin hunturu abin ya fi sauƙi, don iskar na shiga da sanyi ta fito da ɗumi. Duk fitar numfashi ka ƙirga ɗaya, in ka kai goma ka sake daga farko.

Da wuya ka kai huɗu hankalin bai tsere ba. A nan ne yawancin mutane ke watsar da abin, su ce ba su iya ba. Kuskure ne. Wannan lokacin da ka farga cewa ka tafi tunanin jarrabawa ko bashi, shi ne ainihin aikin. Ka ce a ranka "tunani ne", ka koma kan ɗaya. Kada ka zagi kanka, kada ka tsaya binciken yadda aka yi ka ɓace, wannan ma wani yawon ne. Kamar ɗan akuyar da ya saba shiga gonar maƙwabci ne: janyo shi za ka yi ta yi a hankali, in ka dake shi sai ya ƙara firgita.

In ka ɗan saba, ka kai horon cikin ayyukan da dama kake yi kullum. Wajen alwala, ji sanyin ruwan a kowace gaɓa. Lomar farko ta tuwo, tauna ta ba tare da magana ba. In cunkoso ya riƙe ka a Kwangila, maimakon zaro waya, ka yi numfashi uku kana sane da su.

Tunanin da ya nace yana dawowa, rubuta shi a takarda ka sa masa lokaci, misali bayan la'asar. Sau da yawa tsoron mantuwa ne ke sa zuciya maimaita abu.

Kada ka yi gaggawar ganin canji. Shirin irin wannan horo da wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979 domin masu fama da ciwo da damuwa ma mako takwas yake ɗauka. In kuwa damuwar ta kai tana hana ka barci ko cin abinci, ko zaman shirun na ƙara tayar maka da hankali, dakata da shi ka ga likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya.