Yadda zaka gane ainihin faɗin lens ɗinka a kyamara mai ƙaramin sensa

Ka sayi lens 50mm, ka shiga ɗaki zaka ɗauki mutum huɗu, kana ta ja da baya har ka jingina da bango amma biyu kawai suka shiga hoton, to wallahi lens ɗin lafiyarsa ƙalau, sensan kyamarar, wato abin dake kama hoton a cikinta, shi ne ƙarami. Cikakken sensa 36mm da 24mm ne, naka kuwa tsakiyar hoton kawai yake kamawa, gefe-gefen ya zubar.

Lissafin ba wuya. Duba lambar dake jikin lens ɗin ka ninka ta, in Nikon ko Sony ko Fujifilm ce mai ƙaramin sensan da ake kira APS-C sau 1.5, Canon 1.6, Olympus da Panasonic masu sensa Micro Four Thirds, wanda ya fi APS-C ƙanƙanta, sau 2. Da lambar ta ƙaru, faɗin hoton sai ya ragu. Kaga a APS-C 50mm zata nuna maka kamar 75mm ko 80mm a cikakken sensa kenan, tayi daidai da hoton fuska sosai. In kana son abinda ya kusa da ganin ido a APS-C ɗauki 35mm, na cikin ɗaki kuma sauko 18mm ko ƙasa.

Kuma don Allah kar a ruɗe ka, ko lens ɗin da aka ƙera musamman don ƙaramin sensa, DX na Nikon ko EF-S na Canon, shima sai ka ninka lambar.