Yadda Ake Yin Ampas a Wasan Birij

Yawancin masu shiga birij a fadodin Maradi daga belot suke zuwa, kuma hannunsu ya saba da sauri. Da zarar mor, wato abokin wasan mai alkawari, ya shimfiɗa kartarsa a kan tabarma suka hango as da dam, sai su tafi ampas tun a ci na biyu, wato su nemi ci da dam da fatan sarki yana hannun wanda ya riga ya buga. Rabin lokaci tana yi musu daidai, shi ya sa ba su daina ba. Ba zan tsaya kan tayi da lissafin maki ba, na ɗauka ka iya. Ka dai tuna a birij, ba kamar belot ba, goma ba ta fi sarki ba, bale kuma ba shi ne babban atu ba. Kartar belot mai 32 ba za ta yi ba, ka nemi mai 52 a babbar kasuwa, kuma ka sayi biyu don a riƙa gauraya ɗaya ana raba ɗaya. Ba a sa kuɗi. Mu dai shayi kawai muke sha a kai.

Matakin farko: kada ka taɓa karta sai ka ƙirga. Idan alkawarinka sanzatu (wasa ba atu) uku ne, ci 9 kake nema. Ƙirga waɗanda suke hannu ba tare da ka saki jagora ba. In sun kai 9, kwashe abinka. Mai yin ampas a nan yana neman ƙarin ci ɗaya ne da kasadar alkawari gaba ɗaya.

Na biyu: daga ina za ka fito? Ampas kullum daga hannu mara ƙarfi ake fitowa, a nufi manyan karta. As da dam suna wajen mor, kai kana da ƙanana: ka fito da ƙarama daga hannunka, na hagunka ya sa ƙarama, ka sa dam. In sarki yana hagu ka ci biyu, in yana dama ka ci ɗaya. Kashi 50 cikin 100 ke nan.

Ga inda sababbi suke faɗawa. Mutum yana da dam da ƙanana biyu, mor yana da as da ƙanana biyu, sai ya fito da dam yana murmushi. Wannan ba ampas ba ce. In sarki yana hagu zai rufe dam, ka kashe shi da as, bale da goma su zama nasu. In yana dama ya cinye dam. Ko ta ina ci ɗaya ne. Abin yi shi ne ka fito da ƙarama daga mor ka nufi dam ɗinka. In sarki yana dama, dam za ta ci. Dokata ita ce: kada ka fito da babbar karta don ampas sai kana riƙe da mai bi mata.

As, bale da goma a mor kuwa, sau biyu ake yi. Ta farko ka sa ran za ta faɗi, kada ka karaya. Dawo hannu ka sake. Sai in sarki da dam duka suna dama za ka rasa, wato kashi 24, don haka ci biyu naka ne kashi 76. Amma kana bukatar hanyar dawowa hannunka sau biyu, kuma wanda ya kwashe manyan kartarsa tun farko ya toshe wa kansa ƙofa.

Na uku, wanda na fi so a zauna a kai: jera damarka, ka bar ampas a ƙarshe. Ɗauki sanzatu uku, kana da ci 8 tabbas. A karo kana da as, sarki, dam da ƙarama, mor yana da ƙanana uku. A ker kuma mor yana da as da dam. Karo shida suke waje. Su rabu uku-uku kashi 36 ne kawai, huɗu-biyu kusan 48. Sabon ɗan wasa zai ce 50 ta fi 36, bari in yi ampas. To ai ba zaɓi aka ba ka ba. Buga manyan karo uku tukuna, ba ka saki jagora ba. In kowa ya bi sau uku, ƙaramar karo ta zama ci na tara, ka gama. In ba su rabu ba, ampas ɗin ker tana nan tana jiranka. Haɗa su biyun ka kai kashi 68. Wanda ya fara da ampas ta faɗi, abokan hamayya su kwashe pik ɗinsu, ba zai ma ga yadda karo ta rabu ba. Kamar mai zuwa kasuwar Jibiya ne da kuɗi a aljihu biyu, sai ya fara da wanda ya yage.

Ka kuma duba wanda zai karɓi jagora in ta faɗi. In pik ɗin da ake tsoro suna hannun na hagu, na dama kuma nasa sun ƙare, ampas da za ta faɗa hannun na dama ba ta da haɗari. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa ya zaɓa maka ɓangare.

Na huɗu: ampas ko a buga manya? In dam ce ta ɓace kuna da karta takwas, buga as tukuna sannan ka yi ampas. In tara ne, buga as da sarki. Amma kada a ruɗe ka da wannan dokar ta tara, tazarar ƴar kaɗan ce: bayan as ta wuce, na hagu ya sake bin ƙarama, buga sarki kashi 52 ne, ampas 48. Ƙaramar shaida tana juya ta. In na dama ya buɗe tayi da pik uku, alamar yana da pik bakwai, karta shida kawai suka rage masa a sauran launuka, sai ka nemi dam a hagu. In sarki ne ya ɓace, in kuna da karta goma yi ampas, in goma sha ɗaya ne buga as, domin biyun da suke waje sukan rabu ɗaya-ɗaya kashi 52.

Sauran aikin ƙirgan maki ne. As 4, sarki 3, dam 2, bale 1, duka 40. Wanda ya raba karta ya ce pas, sannan ya nuna as da sarki biyu, maki 10 ke nan. Da yana da dam ɗin da kake nema da ya kai 12 ya buɗe tayi. Ka nema wajen abokinsa.