Motarka na shan mai? Kafin ka kai ta gareji, duba waɗannan da kanka

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, hirar masu mota ta koma abu ɗaya, wai motata shan mai take. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta tsallake 1,000 a wurare da yawa, duk da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a watan Satumbar shekarar. Toh farashi dai ba a hannunmu yake ba. Amma wallahi yawancin motocin da ake cewa suna shan mai, dama can suna sha, arha ce ta rufe mana ido, yanzu ne da abin ya fara cizo kowa ya farga.

Abu na farko, daina yarda da allurar geji. Ita allura yaudara gareta, daga ful zuwa rabi ta daɗe ba ta motsa ba, daga rabi zuwa ƙasa kuma kamar ana zuƙe man da tiyo. In kana so ka san gaskiyar motarka sai ka daure ka cika tanki sau ɗaya har famfon gidan man ya katse da kansa, ka mayar da lissafin tafiya na dashbod zuwa sifili, ka yi harkokinka kamar yadda ka saba na kwana huɗu ko biyar, sannan ka koma gidan man nan dai, in da hali ma famfo ɗaya, ka sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da ka ƙona. Raba kilomitar da ka yi da ita. Misali ka yi kilomita 240 ta ci lita 30, kenan kilomita 8 kake samu a lita. Amma kula, motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Camry da Corolla da Accord ɗin nan da suka cika titi, da yawansu mil suke ƙirgawa ba kilomita ba, sai ka ninka da 1.6 tukuna. Na ga wanda ya kusa sayar da motarsa a kan wannan kuskuren, yana ta kukan biyar kawai take ba shi a lita, ashe mil biyar ne, kilomita takwas kenan, kuma a cikin gosulon Kano da AC a kunne wannan ba abin tada hankali ba ne ga mai silinda shida.

Na san za a ce wa ke da kuɗin cika tanki yanzu. Gaskiya ne. Amma sau ɗaya ne, kuma man ba asara ya yi ba, yana nan cikin tankinka.

Daga nan sai abubuwan da ba sa cin ko sisi. Taya. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai, akwai 'yar takarda manne da ta faɗi iskar da kamfani ya ce a sa, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne zuwa 35 a ma'aunin iskar taya na PSI. Tayar da ba ta da iska jan ƙafa take sa mota, inji ya yi ta wahala. Shi kuma mai faci in ka ƙyale shi sai ya danna maka 45 ko 50 ya buga tayar da ƙarfe ya ce ta yi, wannan ma ba daidai ba ne, tsakiyar tayar ne zai cinye, birki ya rage kamawa, ga zafin kwalta a watan Afrilu. Sayi ɗan gejin iska naka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin tayar ta ɗau zafi. Sai but, ka sauke tarkace, buhun da ka manta da shi tun sallah, tsohon batir, jarkokin ruwa. Bayan ka yi 'yar tafiya kuma ka kai hannu kusa da kowane rim a hankali, in ɗaya ya fi sauran zafi sosai to birkin wajen yana riƙewa, kana tafiya ne kamar da ƙafarka a kan birki, mai kuwa sai dai ka ji labari.

Sai matatar iska, wadda makanikai ke ce wa iya kilina. Mu nan Arewa ƙura ba ta barinta ta yi tsawon ran da littafin mota ya rubuta, balle lokacin hunturu. Ciro ta ka ɗaga ta saitin rana, in haske ba ya ratsawa canza ta kawai. Kar ka bari a wanke maka ta takarda da ruwa ko fetur, kar kuma a cire a bar gurbin haka wai don mota ta sha iska, ƙasa ce za ta shiga ta ci ringin injin. Can bayanta kaɗan a jikin bututun akwai wata 'yar na'ura mai waya da ke auna iskar da ke shiga, in ta yi datti lissafin kwamfutar motar ya rikice. Akwai feshi na musamman da ake wanke ta da shi, ba a taɓa siririyar wayar cikinta da hannu ko tsumma.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, don nan ne kuɗin mutane ke zurarewa ba su sani ba. Tamostat. Kusan duk motar da ta sauka daga Kwatano, abu na farko da ake yi mata a gareji shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota har a kashe, a ce maka ai wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu. Ni ma an yi min a tsohuwar Corolla ta, ina tsaye ina kallo har da godiya. Abin da ban sani ba lokacin, shi injin mota an ƙera shi ne ya yi aiki da zafi, wajen digiri 85 zuwa 95, shi kuma tamostat wani ɗan bawul ne da ke tare ruwa kar ya zagaya lagireto sai inji ya ɗau zafinsa, a Toyota da yawa yana fara buɗewa ne a wajen 82. To idan babu shi ruwa yana ta zagayawa, fanka na ta hurawa, injin ba ya kai zafin da ake so musamman da asuba ko da sanyi ko a doguwar hanya, ita kuwa kwamfutar motar in ta ga inji da sanyi ƙara masa fetur take yi, kamar yadda ake jan cok a babur da safe. Kaga kenan kana yawo da cok a ja duk yini. Alamar da za ka gane, allurar zafi ba ta zuwa tsakiya, kullum tana kwance a ƙasa kana murna wai motarka ba ta zafi, salansa na warin ɗanyen fetur, fulogi na yin baƙi. Ranar da na sa aka mayar da shi aka gyara fanka ta koma tashi da kanta, makaniken har da ce min in ta ƙona gasket, wato abin da ke like tsakanin kan inji da jikinsa, ba ruwansa. Ba ta ƙona ba, kuma da na sake gwajin cika tanki na ga bambanci da idona.

Amma a nan akwai sharaɗi, kar ka je ka mayar da tamostat a kan lagireton da ya toshe. Mota mai lafiya ba ta obahitin don tana da tamostat, ai a Saudiyya da Dubai ma da shi suke yawo. In tana zafi to akwai dalili, ko lagireto ya cushe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa maimakon kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman, ko murfinsa ya saki, ko famfon da ke zagaya ruwan, wato wata-pam, ya gaji, ko fanka ba ta tashi. A gyara wannan tukuna. Kuma don Allah in allura ta hau ja a hanya, gangara ka kashe, kar ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan nan tsalle yake ya sale fuska. Jira ta huce.

Sai fitilar cek injin. Mu dai mun mayar da ita ado, wasu ma tif suke manna mata, wasu dillalan kuma cire ƙwan suke kafin su sayar. Gwaji mai sauƙi, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole fitilar ta kama tare da sauran, in ba ta kama ba an taɓa ta. In kuma tana kunne bayan mota ta tashi, kai ta a sa mata kwamfuta kafin a kwance ko noti ɗaya, ko ka sayi 'yar na'urar OBD2 da ake haɗawa da waya, ramin yana ƙasan sitiyari. Rubuta lambar da ta fito da hannunka, kar ka yarda a goge kawai a ce an gyara. P0128 na nufin inji ba ya ɗaukar zafi, wato zancen tamostat ɗin nan. P0300 zuwa P0304 mota na misin, fulogi ko koyil ko nozul. P0171 iska ta yi yawa a kan mai, sau da yawa wani tiyo ne ya tsage ko na'urar iskar nan ta yi datti. P0420 kuma katalis ne, abin nan na cikin salansa da ake ce wa indomi, wanda wasu ke fasa salansa su kwashe su sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Kusa da shi akwai oksijin sensa, ita ke gaya wa kwamfuta ko man da ake ƙonawa ya yi yawa, in ta mutu ko an yanke wayarta to mota sai ta sha yadda ta ga dama. In fitilar ƙiftawa take ba tsayawa cak ba, wannan kar ka ci gaba da tafiya da nisa.

Hayaƙi ma magana yake. Baƙi, fetur ya yi yawa. Shuɗi-shuɗi, baƙin mai take ƙonawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi kuma ruwa na raguwa, gasket ne, shirya kuɗi. Fulogi kuwa na gama-gari wajen kilomita 30,000 yake yi, mai iridiyom ya kai 100,000, sai dai jabu ya yi yawa a kasuwa, ko kasuwar Kofar Ruwa ta Kano za ka ko Panteka ta Kaduna tafi da tsohon a hannu da lambar da littafin motar ya ce, kuma in an ba ka iridiyom a kuɗin na gama-gari ka san me ka saya.

Wajen juye, duba murfin da ake zuba baƙin mai, galibi an rubuta irin wanda injin ke so, 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20. Mu kuwa komai 20W-50, wai mai kauri ya fi. A tsohon injin da ya riga ya saki yana iya rufa asiri, amma a injin zamani mai ƙananan hanyoyin mai nauyi yake ƙara masa. Man durom da ake aunawa a galan a bakin titi kuma ni dai ba na kusantarsa.

Saura halinmu na tuƙi, wanda shi ba a sayen sa a kasuwa. Dumama mota minti goma sha biyar da safe al'adar zamanin kafireta ce, mai nozul minti ɗaya ya ishe ta, ka tashi a hankali za ta ɗau zafi a hanya. In za ka jira wani fiye da minti biyu kashe ta. Fizgar mota daga danja zuwa danja kana taka totur kana taka birki, nan ne man yake tafiya. A babbar hanya irin Kano zuwa Zariya tsaya tsakanin kilomita 80 da 100 a awa, dama 100 ne iyakar da 'yan Road Safety suka sa wa ƙananan motoci a tagwayen hanya, daga 120 zuwa sama iska kake faɗa da ita da kuɗinka. Masu sa giya a firi a gangara kuma, motar zamani in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya ita da kanta take yanke mai, a firi kuwa sai ta ci gaba da sha don kar ta mutu, ga hatsari, ga wahalar da giyabos in otomatik ce. AC yana ƙara sha, ba musu, an fi jin sa a cikin gari, don haka in ka ajiye ta a rana sauke gilas zafin ya fita kafin ka kunna.

Wani abu da tsadar nan ta jawo, yawo a rizab. Kowa na dubu uku, na dubu biyar, fitilar mai kullum a kunne. Fuwel pam a cikin tanki yake zaune kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi, in kullum a ƙasa yake zai yi ta zafi har wata rana ya tsaya maka a tsakiyar titi, kuɗinsa kuma ya fi abin da kake ganin ka adana. Yi ƙoƙari kar ta sauka ƙasa da kwata. Man 'yan bumburutu sai dole, ba ka san me aka gauraya ba, kowa ya tuna yadda gurɓataccen fetur mai methanol ya kwantar da motoci a farkon 2022.

Masu tambayar komawa gas na CNG, yana da sauƙi a aljihu in akwai wajen ɗura shi kusa da kai, wannan shi za ka fara dubawa kafin ka biya kuɗin juyawa. Tukunyar tana cinye rabin but, kuma matsin da ke cikinta ya kai 200 a ma'aunin matsi na bar, ba irin tukunyar girki ba ce, don haka duk wanda ya ce zai haɗa maka da tukunyar da aka yi wa walda ko ta kicin, ɗauki makullinka ka bar wajen. Kuma ko ka juya, da fetur za ta riƙa tashi kafin ta koma gas, fulogi da koyil ɗinka su kasance masu kyau, in ba haka ba misin ɗin da kake ji kaɗan-kaɗan a fetur sai ya fito fili.