Kurakuran da muke yi wa mai shanyewar ɓarin jiki bayan an dawo da shi gida

Idan aka sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, idon kowa yana kan hannun da ya saki da ƙafar da yake ja. Ba kasafai ake tambayar abin da ke cin ransa ba. Alhali kusan mutum 1 cikin 3 da suka tsira daga wannan ciwo suna kamuwa da ciwon damuwa, kuma wanda ransa ke ƙunci ba ya jure wa gashi da motsa jiki. Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin abin da ke ƙara masa damuwa mu ne muke yi, kuma da kyakkyawar niyya.

A fara da dubiya. Ɗaki ya cika, wannan na ba da labarin wanda irin ciwon ya kashe, wancan ya zo da saiwa a leda. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana saurin gajiya da hayaniya. A sa mutum ɗaya ya tsara shiga: biyu ko uku a lokaci guda, a gaisa, a yi addu'a, a tashi.

Wanda ya fi ciwo shi ne yin magana a kansa kamar ba ya wurin. Sai ka ji an juya wajen matarsa ana cewa, "Baba ya ci abinci kuwa?" ga shi kuma a zaune yana kallo. Idan ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ne ke shanyewa, sau da yawa har magana ta sarƙe, amma da yawansu suna fahimtar fiye da abin da bakinsu ke iya furtawa. Mutumin da jiya shi ke yanke hukunci a gidansa, yau ana yi masa tsawa kamar kurma ko ana lallashinsa kamar yaro, yaya zuciyarsa ba za ta karye ba? A zauna gabansa, a dube shi, a yi gajeriyar tambaya da zai amsa da e ko a'a: "Baba, koko za ka sha?" Sannan a jira, kada a ƙarasa masa maganar. A ci gaba da neman shawararsa a kan kuɗin makarantar yara da auren da ke tafe. Girmansa yana nan.

In ya fashe da kuka kuma, kada a rufe masa baki da "ina tawakkalinka?" Wasu sukan yi kuka ko dariya ba dalili, kuma raunin ƙwaƙwalwa ne ke jawo hakan, ba shafar aljanu ko ƙarancin imani ba. Amma idan ya haura mako 2 ba ya cin abinci, ba ya barci, yana ƙin gashi, a sanar da likita, domin ciwon damuwa yana da magani. In har ya ce gara ya mutu, a kai shi wurin likita a ranar. A yi addu'a sosai, amma kada a ajiye maganin hawan jini saboda ita.

Wasu gidajen komai sai a yi masa, wasu kuma su matsa har su kira shi rago. Gajiyar da ke bin wannan ciwo ta gaske ce. An fi samun sauƙi a watanni 3 zuwa 6 na farko, amma ana ci gaba da samu bayan nan, don haka a daina auna shi da wane da ya miƙe da wuri. A bar shi ya riƙe kofi da kansa ko da zai zubar, ya yi sallarsa a zaune, ya huta tsakanin atisayen da likitan gashi ya tsara. Kada a ɗago shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa.

Sai mai jinya, wadda galibi matarsa ce ko 'yarsa. Idan ta yi watanni ba barcin kirki, haƙurinta zai ƙare, shi kuma yana karanta hakan a fuskarta, ya ɗauki kansa kaya. 'Yan'uwa su raba kwanakin jinya tun makon farko, a kuma fayyace wanda zai riƙa sayen magani da wanda zai kai shi gashi.