Kurakuran da nake ta gani wajen sauya fitilar silin kicin

Na gaji da kiran da ake min da magariba: "Mun sauya fitilar kicin, yanzu rabin gida ba wuta." Idan na je, kuskuren jiya ne nake tararwa.

Na farko shi ne wanda ya karya min wuyan hannu. Mutum ya kashe makunnin bango, ya ga ƙwan fitila ya mutu, sai ya ɗauka ya kashe wuta. Ni ma haka na yi. Na hau tsani, na kwance tsohuwar fitila, na kai yatsa zan ware wayoyi, sai na ji kamar an fizge min kafaɗa. Girgizar ba ta kai faɗuwar ciwo ba, don a kan tayil na sauko, na yi mako shida da filasta. A gidaje da yawa wayar wuta tana fara isa silin ne, daga can ta gangara zuwa makunni, wata kuma ta zarce ɗaki na gaba. Makunni hanyar dawowa kawai yake yankewa, wutar silin tana nan daram. Wani gidan ma an ɗora makunnin a kan nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, bisa kuskure, holda tana da wuta dare da rana. Je ka akwatin rarraba wuta ka sauke bireka, ka liƙa mata salatif, ka gaya wa mutanen gida kada wanda ya taɓa. In akwai inbata ko janareta, a kashe su. Masu cewa "ai an ɗauke wuta, bari in yi sauri" kuwa, wa ya ba ku alkawarin lokacin da za a dawo da ita?

Ban yarda da sukundireba mai ƙaramar fitila ita kaɗai ba. In kana kan tsanin katako da takalmin roba, tana iya ƙin haske alhali wuta na nan. Mita mai baki biyu nake amfani da ita: in gwada ta a soket mai wuta, in gwada wayoyin silin bibbiyu, in sake komawa soket in tabbatar ba mitar ce ta mutu ba. Abokan aiki suna cewa na cika tsoro. Su ba su kwana da filasta ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin hoto ɗaya da wayar hannu zai hana shi. Ka buɗe silin ka ga kebul uku, wayoyi tara, ka kwance su duka ba ka ɗauki hoto ba, ba ka sa alama ba, sannan ka ce launi zai shiryar da kai: ruwan ƙasa da ruwan ƙasa, shuɗi da shuɗi. Haba malam! Ɗaya daga cikin shuɗayen nan ba nutural ba ce. Ita ce mai dawowa daga makunni, kuma wuta take ɗaukowa da zarar an kunna. A ƙa'ida ana sa mata ɗan zobe ruwan ƙasa ko ja, amma sau nawa wanda ya yi aikin farko ya damu? Ka haɗa ta da sauran shuɗaye, fitila ta kama ta ƙi mutuwa, ka danna makunni, ka ji tau, bireka ta faɗi. Na taɓa ƙona sabon makunni haka a gidan wani ɗan'uwana, a gaban iyalinsa. In har ka riga ka kwance, wuta a kashe, sa mita a kan wurin da take ƙara in wayoyi biyu sun haɗu, ka gwada wayoyi biyun kowane kebul wani yana danna makunni. Wanda ƙararsa ke zuwa tana ɗaukewa, shi ne na makunni. Naɗa wa shuɗiyarsa jan salatif nan take. Masu ruwan ƙasa duka uku su haɗu a mahaɗi ɗaya su kaɗai, ba sa shiga fitila. Fitila nutural take so, da wannan mai dawowa, da wayar ƙasa.

Launin ma ba ɗaya ba ne ko'ina. A tsohon tsarin Ingila ja ce mai wuta, baƙa nutural, kafin a koma ruwan ƙasa da shuɗi tsakanin 2004 da 2006. A Amurka baƙa ce mai wuta, fara nutural. Wanda ya kalli bidiyon can ya zo ya yi aiki da tsohon tsarin Ingila ya juya komai ke nan.

Wayar ƙasa, mai kore da rawaya, ba ado ba ce da za a lanƙwashe a tura cikin silin. Fitila mai jikin ƙarfe dole a ɗaura mata ita, balle a kicin inda hannu ke jiƙe. Sai fa mai alamar murabba'i cikin murabba'i, ita ba ta buƙata, amma a rufe wayar a mahaɗi, kada a yanke.

Murɗa wayoyi a naɗe da salatif ma ban yarda da shi ba. Zafin girki sama yake taruwa, gam ya saki, haɗin ya yi sako-sako, ya fara zafi. Mahaɗi mai sukuru ko mai maƙalewa nake sawa, in ja kowace waya in ji ta kama, kada jan ƙarfe ya leƙo waje.

Sauran ƙanana ne. Fitila mai nauyi a katako ake ɗaure ta, ba a allon silin ba. In za ka sa doguwar LED a gidan tsohuwar fuloresan, karanta takardarta, wata sai an cire sitata (ɗan abin da ke tayar da fuloresan), wata sai an tsallake cok (mai daidaita mata wuta). Makunni mai rage haske ba kowace LED yake jituwa da ita ba, shi ya sa take ƙyaftawa. Sayi mai rufi, irin IP44 in kusa da tururi ce, don maiƙo yana dusashe buɗaɗɗiya. Duba lumen, wato ma'aunin haske, ba wat ba, wanda shi ma'aunin cin wuta ne. Wajen launin haske, ni 4000K mai fari nake sa wa kicin, 2700K ya yi min ja da yawa wajen yanka. Kuma kafin ka huda silin, tsaya inda mai girki ke tsayawa ka duba, kada fitilar ta faɗo bayan ƙeyarsa inuwarsa ta rufe tukunya.