Yadda ake riƙe sunan sojan Amurka da ya ɓata a yaƙi

Wata tsohuwa da nake kula da ita a Maryland ce ta koya mini wannan. Tana da awarwaron ƙarfe da ba ta cirewa ko wanka za ta yi. Na ɗauka ado ne. Ashe sunan wani matuƙin jirgin yaƙi ne da aka harbo a Biyetnam, mutumin da ba ta taɓa gani ba, kuma har yau ba a ga gawarsa ba.

In kana so ka bi sahunta, fara da zaɓar mutum ɗaya. Sojojin Amurka da ba a san makomarsu ba sun haura 80,000, galibinsu daga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba mai iya riƙe wannan adadi a zuciya. Hukumar DPAA, wadda aka kafa a 2015 don nemo su, tana da sunayen a shafinta na intanet. Ɗauki guda, ka san garinsu, da rundunarsa, da ranar da aka yi masa ganin ƙarshe.

Sai ka sa a zana maka sunan da muƙaminsa da wannan rana a jikin awarwaro. Ɗalibai ne suka fara al'adar a Kalifoniya a 1970. Sharaɗin shi ne kana sanye da shi har a gano mutumin. Wasu in an gano shi sukan aika wa danginsa awarwaron.

In a yaƙin Biyetnam ya ɓata kuma hanya ta kai ka Washington, tafi da farar takarda da fensir zuwa baƙin bangon tunawa da sojojin Amurka da suka mutu ko suka ɓata a wannan yaƙi, mai sunaye sama da 58,000. Ɗora takardar a kan sunan ka goga fensir a hankali, sunan zai fito. Duba alamar da ke gefensa. Wadda ta yi kama da alamar tarawa a lissafi tana nufin ba a gan shi ba. Ranar da aka gano gawarsa sai a sassaƙa siffar lu'ulu'u a kanta. Ni na turo tsohuwar a keken guragu har wurin, ta daɗe da yatsa a kan alamar ba ta ce uffan ba.

Ranar Juma'a ta uku a watan Satumba ita ce ranar tunawa da su. Ana shirya ɗan teburi da farin mayafi, da jan fure ɗaya, da yankin lemun tsami, da gishiri, da kofi a kife, a bar kujera babu kowa. Lemun ɗacin abin ne, gishirin hawayen dangi.

Amma in jininka ne ya ɓata, duk waɗannan a baya suke. Ka ba da samfurin ƙwayar halitta, ɗan goge cikin kumatu ne kawai, kuma dangin uwa suna da muhimmanci ƙwarai. Da irin wannan gwaji aka gano Laftanar Michael Blassie, wanda aka harbo kusa da garin An Loc na Biyetnam a 1972, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington a 1984 a matsayin sojan da ba a san ko wane ne ba. A 1998 aka tono shi, gwaji ya tabbatar shi ne, iyalinsa suka kai shi St. Louis suka sake binne shi da sunansa.